Tafiya Lauris, Lambun da Ake Noman Launi

Jirgin ƙasa mai gudu ya ɗauke ni daga Paris ya sauke ni a Avignon, kudancin Faransa, cikin ƙasa da awa uku. Kafin in kama hanya na hau tudun Rocher des Doms, inda aka kafa mutum-mutumin Jean Althen, ɗan asalin Armeniya da ya yaɗa noman garans a yankin a ƙarni na 18. Garans ciyawa ce mai yaɗo, furenta mitsi-mitsi, ba mai waiwayawa ya kalle shi, amma daga saiwarta ake samun jan da aka fara rina wandon sojojin Faransa da shi a 1829. Yankin ya ci arzikinta har 1868, lokacin da masana sinadarai Graebe da Liebermann suka haɗa sinadarin janta, alizarin, a ɗakin gwaji a Jamus. Ba a ɗauki shekaru masu yawa ba gonakin suka mutu.

Daga nan zuwa Lauris wajen awa ɗaya ne a mota. Ƙauyen na bisa tudu, kogin Durance na kwance a ƙasansa. A farfajiyoyin tsohuwar fadar garin, hawa-hawa, aka shimfiɗa lambun tsirran rini na ƙungiyar Couleur Garance, wadda marini Michel Garcia ya kafa a 1998. Tsirran sun haura iri 200. Na isa tsakiyar zafi, furanni sun buɗe sosai, kuma abin da ya fito fili tun a zagayen farko shi ne launin da fure ke nunawa a lambu ba shi yake bai wa ƙyalle ba. Furen daliya ja jawur rawaya yake bayarwa ko ruwan goro. Rawayar da ta fi kowacce jure rana tana fitowa daga rezeda, doguwar ciyawa mai kama da wadda ake nomewa a zubar. Shuɗi a ganye yake, ja a saiwa. Furen da ke jan ido, irin su wardi da zoɓo, ruwansu na ruɗin sabon shiga: ya rina ƙyalle da daddare ya ga ja mai kyau, sabulu na taɓa shi ya koma ruwan toka, rana ta ƙarasa sauran.

A gidan da na sauka akwai lambu cike da furannin marigol da koriyofsis, uwar gidan kuma ta ba ni izinin tsinka da tsohuwar tukunyar ƙarfen da ba ya tsatsa, don in rina zaren surfani da kaina. Wannan tukunya ba ta sake komawa kicin, domin kayan rini ba sa haɗuwa da na girki.

Komai a aikin nan da nauyin busasshen zare ake lissafa shi, don haka sikeli ne farkon kaya. Na auna giram 100 na zaren ulu, na naɗe shi dunƙule-dunƙule masu faɗi, na ɗaure kowanne a wuri huɗu sako-sako. Ɗaurin da ya yi tsauri yakan hana rini shiga, ya bar farin zobe a jikin zaren. Na wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu kaɗan ba tare da cuɗawa ba, saboda ulu idan ya sha murza cikin zafi dunƙulewa yake yi, ba ya warwaruwa kuma.

Sai alif, wanda shi ne ke riƙe launi a jikin zare. Giram 12 ya isa giram 100 na ulu. A narkar da shi a ruwan zafi, a juye cikin lita huɗu na ruwa, a saka zaren a jiƙe, a ɗaga wuta sannu-sannu zuwa digiri 80, a riƙe awa guda, a bar shi ya huce a ciki. Wanda ya zuba alif da yawa don neman ƙarfin launi zai sami zare mai danƙo da kaushi a hannu.

Auduga ta fi gardama. Ba ta kama alif kai tsaye, sai an fara dafa ta awa ɗaya da sodar wanki giram 2 zuwa 3 ga kowane giram 100 na auduga don fitar da maiƙonta, har ruwan ya koma ruwan ƙasa. Daga nan ta kwana a ruwan tanin, sinadarin jima irin na bagaruwa ko ɓawon rumman, wajen giram 10, sannan ta shiga alif giram 15 da soda giram 2 a ruwa mai ɗumi. Ɓawon rumman yana barin rawayarsa a ƙasa, don haka bai dace da mai neman launi mai haske ba.

Na tsinki marigol giram 200, kawunan kawai. Korayen ganye da kara suna dusashe launin. Na dafa su minti 45 a ƙasa da tafasa, na tace da ƙyalle mai laushi don kada guntun fure ya manne ya bar tabo, na saka kashin farko na zaren. Ya fito ruwan zinare mai nauyi. Ban zubar da ruwan ba: kashi na biyu ya fito rawaya tsaka-tsaki, na uku ruwan man shanu. Wannan shi ne babban amfanin rina zarenka da kanka ga mai surfani, domin launuka uku daga tukunya ɗaya suna zama kusa da juna a jikin fure ba tare da ɗaya ya yi wa ɗaya tsawa ba. Koriyofsis ya ba da ruwan goro, da na barbaɗa soda kaɗan ya juya ja-ja.

Koren ganye kuma daga rawayar yake zuwa. Ruwan tsatsa, wato ƙusoshi da aka jiƙa mako biyu cikin ruwa kashi biyu da ruwan khal kashi ɗaya, cokali guda a lita biyu ya isa ya mayar da zaren marigol kore irin na zaitun cikin minti biyar. A tsaya a kai ana kallo, a cire da wuri, domin ƙarfe yana cin ulu ya sa shi tsinkewa a kafar allura.

Ja na gaskiya sai garans. Na sayi busasshiyar saiwarta, wadda ba a tonowa sai ta shekara uku a ƙasa, na jiƙa giram 100 ta kwana, na ƙara rabin ƙaramin cokali na alli. Nan ma'aunin zafi ba ya barin tukunya: muddin ruwan ya wuce digiri 70, launin ruwan ƙasa da ke cikin saiwar zai fito ya ɓata jan.

Da zaren ya bushe a inuwa na goga kowanne a jikin farin ƙyalle mai laima. Wanda ya bar alama ya koma ɗauraya, don in ba haka ba zai zuba a kan aikin ranar wankin farko. Na kuma naɗe samfuri a kan kwali, na rufe rabinsa, na ajiye a taga. Bayan mako uku zuwa huɗu bambancin ɓangarorin biyu ke nuna wanda zai koɗe.

Furen koriyofsis na zana a kan ƙyallen lilin, na ɗame shi a zoben katako har yana amo idan an ɗanƙwasa. Zare kada ya wuce santimita 45 a allura, domin wanda aka rina a gida ya riga ya sha zafi, yawan ratsa ƙyalle na sa shi yin gashi. Na cike kowane ganyen fure da dogo da gajeren ɗinki daga baki zuwa ciki, mai haske a waje, mai nauyi a tsakiya, ba ɗinkin da ya haura santimita ɗaya, saboda dogo yakan saki ya maƙale a farce. Jan da ke zagaye da idon furen na garans ne, ƙulle-ƙullen tsakiya kuwa zaren da ya sha tsatsa ne, naɗi biyu a kan allura, a soke ta dab da inda ta fito, ba cikin ramin ba, don kada ƙullin ya zurma baya.