Carina ɗin da ta raba ni da oga

Tunda labari ya zaga cewa na bar gareji, kuma kowa yana kawo nasa dalilin, gara a ji daga bakina. Abin da ya raba ni da oga wata mota ce, Toyota Carina E, ta wani malamin makaranta.

Malamin ya canja kuloci a gida, shi da ƙaninsa, saboda kuɗin aiki ya yi masa yawa. Ban ga laifinsa ba, kowa ya san halin da ake ciki. Sun sayi kayan cikin kuloci, wato filet da dis da rilis boris, sababbi, suka ɗaura, suka tayar da mota, giya ta ce ba ta san zancen ba. Da igiya aka jawo ta.

Kafin oga ya iso na shiga na gwada. In inji a kashe yake, giya na shiga ko'ina lafiya lau. Da an tayar sai ta ƙi, ribas kuwa ƙara take yi kamar ana niƙa tsakuwa. Ko sabon yaro ya san kuloci ne ba ya saki. Fedar ta yi laushi, sai ta kusa taɓa ƙasa kafin ka ji wani ƙarfi. Na tattaka ta da sauri, na jefa lamba ɗaya, ta shiga. Na leƙa kulocin ƙasa, wato ɗan silindan mai da ke jikin giyabos, sai ga sabon tabon sifana a notin bututunsa, wurin ya jiƙe da man birki, kofin mai na sama kuma ya kusa ƙafewa. Maimakon su kwance kulocin ƙasa daga jikin giyabos su rataye shi gefe da bututunsa, bututun suka cire. Iska ta shiga layi, ba su fitar da ita ba. Ita kuwa iska matsuwa take yi, ba ta turawa irin ta mai, shi ya sa sandar kulocin ƙasa ba ta kai fok, ƙarfen da ke sakin kuloci, inda ya kamata.

Da oga ya zo na ce, "Oga, ina ganin iska ce, a bari mu fara cire ta." Mai mota yana tsaye. Oga ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai yaro, yaushe ka fara koya mini aiki? Filet ɗin jabu ne. Ku sauke giya." Malam ya ce ai na kamfanin Aisin ne, ga ma kwalinsa a but. Oga ya ce kwali ba ya tuƙa mota.

Aka tura ni kasuwar Ƙofar Ruwa na sayo wani filet da kuɗin malam. Muka zubar da man giya, muka zare shaf biyu, muka wuni a ƙarƙashin mota. Filet ɗin da muka ciro lafiyarsa ƙalau. Ba su juya shi ba, bai lanƙwashe ba, ko digon giris babu a fuskarsa. Wallahi aikin malam da ƙaninsa ya fi na wasu masu gareji tsabta. Muka ɗaura sabon, aka tayar bayan la'asar, ƙarar nan tana nan yadda take. Oga ya ce zai je ya dawo, ya hau babur ya tafi.

Na sa ƙaramin yaronmu a kan feda, yana takawa yana riƙewa, ni ina buɗe ɗan notin cire iska ina rufewa, ina ƙara mai a kofi don kada ya ƙare ya sake jan wata. Kumfa ta yi ta fita har mai ya zo tsantsa. Kafin a kira magariba giya tana shiga da yatsa biyu.

Washegari a gabana oga ya ce wa malam filet ɗin ne dai, kamar yadda ya faɗa, jinkirin kuma yaron nan ne ya manta bai cire iska ba. Malam ya biya kuɗin sauke giya, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka riƙa kula, ɗana." Na ce to. Tsohon filet ɗin bai bi shi gida ba, na sake ganinsa a hannunmu ranar da muke ɗaura shi a motar wani, da kuɗin sabo.

Ku da kuka rage a wurin, in an kawo muku motar da aka taɓa a gida, ku fara da abin da ido ke gani a waje, ku tambayi mai ita me da me ya kwance. In kun gano matsala kafin oga, ku ja shi gefe ku faɗa masa a kunne, ya fito ya sanar da ita da sunansa. Haka ake daɗewa a can.

Sauran abubuwan kun san su. Kada ku bar giyabos ya rataya a kan shaf wajen ɗaurawa, yana lanƙwasa filet. In sabon kuloci yana zamewa, a duba ko sil ɗin bayan inji na yoyo. A bar wa feda ɗan wasa a sama.

Oga ya koya mini aiki, ba zan musa ba, Allah ya saka masa. Wanda zai kawo mini mota a sabon wuri ya taho da kayan da ya cire da kwalin waɗanda ya saya, kuma duk abin da na ciro daga motarsa a but ɗinsa zai koma.