Lilina ta buɗe, Gwaggo ta zo

Jama'a lilin nan, furen da nake raino a tukunya, dai ta buɗe! Jiya da magariba ne, bayan ruwan shekaranjiya, sandar da ta fito ta gefen ganye ta tsage sai ga furanni farare da jan layi a tsakiyar kowane kunne, ƙanshi har cikin ɗaki. Yau da safe ko koko ban ɗora ba sai da na je na tsuguna gabanta. Wanda bai raini shuka a zafin Maradi ba ba zai gane ba, Afrilu da Mayu zafi yana haura 40, bakin ganyen duk ya ƙone, pompo ya ɗauke a sayi ruwan bido a raba da ita, amma ta jure.

To wajen hantsi sai ga Gwaggo, ta dangin maigidana, daga Tibiri, ta zo ganin likita ta biyo. Na shimfiɗa mata tabarma ƙarƙashin bedi, na dama fura, muna ta gaisawa lafiya lau, sai idonta ya sauka kan tukunyar.

"Wanga mi ne ne?"

Na ce fure ne Gwaggo, na ado.

"Ana ci?"

Na ce a'a.

"Magani ne?"

Na ce ba magani ba ne, yana ma da guba, shi ya sa na kewaye shi da waya kar akuya ta kai baki.

Sai ta tashi da kanta, da ciwon gwiwar nan nata, ta duƙa ta sa yatsa ta share ƙasar. Kun san ba a binne kan duka, ana barin wuyan a waje don kar ya ruɓe, to sai ga shi nan kamar ƙatuwar albasa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago ta ce, "Ɗiyata, ni na san gadali in na gane shi. Yaron namu mi ya yi miki?"

Wallahi sai da jikina ya yi sanyi.

Na yi mata bayani iya iyawata. Na ce wajen mai saida furanni na bakin titi na saya jika guda, krinum ake ce ma irin, dangin albasar kwaɗi ce da ke fitowa a fadama farkon damina, shi ya sa ta ga kama. Lilin Turai ta asali sai ta sha sanyi kafin ta yi fure, ba ta kai labari a nan, wannan ce mai ɗaukar zafinmu. Ƙasar ma yashin gulbi ne da mai amalanke ya kawo na haɗa da tsohon taki, na huda gindin tukunya don ruwa ya wuce, babu wani abin da aka binne ciki, in tana so in juye mata ta gani. Ta ce to mi ya sa bakin ƙofar ɗakinshi kika aje. Na ce nan ne ranar safe ke bugawa, da azahar kuma inuwa ta rufe. Ta ce an ce da magariba kike ba ta ruwa. Na ce da rana ruwan tashi yake kafin ya kai saiwa.

An ce. Wa ya ce? Nan ne abin ya tsaya min, ashe akwai mai lura da lokacin da nake ban ruwa a gidana har ya kai labari Tibiri.

Ba ta yi faɗa ba fa, kar ku ɗauka, har albarka ta sa min da za ta tafi. Amma ba ta ƙarasa furar ba, kuma Gwaggo ba ta barin fura.

Tun ɗazu nake juya maganar. Da zogale na shuka ko yakuwa ko tattasai babu mai tambaya, tukunya za su shiga. Don dai wannan ba a ci ba a sha, sai ya zama dole akwai wata manufa a ƙasa. Ni kuwa kyanta kawai nake so, in fito daga hayaƙin madafa in ga wani abu fari mai ƙanshi a tsakar gida. Shekarun da na yi cikin dangin nan ban taɓa taka ƙofar boka ba, na ɗauka an sani.

Maigidan da ya dawo na faɗa mishi, ya yi dariya ya ce rabu da tsohuwa. Ni ba dariya nake so ba, so nake ya ɗauki waya ya kira ta.

Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke tun la'asar. Na duba ganye da tocilan saboda tsutsar nan baƙa mai ɗigon fari da ke huda har cikin kan, babu, alhamdulillahi.

Tukunyar dai ba zan matsar da ita ba. In furen ya bushe zan yanke sandar in bar ganyen, shi ke ciyar da kan don baɗi. Ta yi 'ya'ya a gefe, kuma na riga na yi ma Yaya alkawarin ɗaya. Yaya in kina karantawa, ki fara nuna ma mutan gidanki hoton tukuna kafin in aiko, ba na so a yi miki tambayar da aka yi min yau.