Batir na biyu a cikin Hiace: inda aikin ya kai

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon wannan aiki. An gama jan waya a bas ɗin, batir na biyu ya zauna a mazauninsa, firij da fanka suna aiki. Abin da ya rage shi ne sola da inbata. Kafin mu je can, ga bayanin abin da aka yi da dalilinsa, don wanda zai gyara tasa motar ta zama ta kwana a hanya ya san inda kuɗinsa zai tafi.

Tun farko mun raba aiki biyu. Batirin tayar da inji an yi shi ne ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙoƙi, sannan altaneta ta mayar masa nan take. Farantan dalmar da ke cikinsa sirara ne, in ana zuƙe shi har ƙasa kowane dare ba zai kai ko'ina ba. Firij da fanka suna buƙatar batiri mai kaurin faranti, irin wanda aka yi don a sha shi a hankali a sake cika shi. Kada a ɗora kayan kwana a kan batirin inji, ko da mai wayarin ya ce zai ɗauka. Zai ɗauka ɗin, amma da asuba a Mokwa za ku nemi masu turi.

Lissafin da muka bi na kwana ɗaya ne. Firij mai kwamfuresa na 12V, mai lita 40, yana cin kusan 40Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa ko ake sha daga cikinsa) a irin zafinmu. Fanka biyu, kowace 1.5A, awa 8, ya zama 24Ah. Fitilun LED kusan 4Ah. Cajin wayoyi da kwamfuta a bar shi a 10Ah. Jimla ta kusa 80Ah. Batirin dalma ba a so a sha fiye da rabinsa, saboda haka 80Ah na bukatar aƙalla 160Ah, muka ɗauki AGM, wato rufaffen batirin dalma da ba a ƙara masa ruwa, guda biyu masu 100Ah. Da litiyom ne irin LiFePO4, guda ɗaya mai 100Ah ya isa, nauyinsa kuma bai wuce kilo 12 zuwa 13 ba, alhali kowane AGM ɗin nan yana kusan kilo 30. Kuɗi ne ya raba gardama.

Wasu sun tambaya me ya hana a sa tubula, wato dogon batirin nan mai ruwa, tunda ta cika kasuwar Alaba a Legas kuma kowa ya san ta a inbatar gida. A gida tana da kyau. A mota kuwa ruwanta na fantsama a kowane rami, nauyinta ya haura kilo 55, kuma tana fitar da iskar haidurojin lokacin caji. Iskar nan in ta kai kashi 4 cikin ɗari a rufaffen wuri, tartsatsi ɗaya ya isa. Wanda dole sai ita, ya yi mata akwati mai murfi da bututun da zai fitar da iska waje, ya ɗaure ta da ƙarfe, ba da igiya ba.

Kafin a ɗaura batir, a gwada shi, musamman in tokumbo ne. Abin da aka rubuta a jiki ba hujja ba ne. A fara da sikeli: AGM da aka ce 100Ah amma bai kai kilo 25 ba, dalmarsa ba ta cika ba. Sannan a cika shi da caji, a bar shi ya huta dare ɗaya ba a jona masa komai ba, a sa mita. Lafiyayye zai nuna 12.7V zuwa 12.9V. Wannan ma bai isa ba, don batirin da ya mutu yana iya nuna haka ya faɗi da zarar an ɗora masa kaya. Gwajin gaskiya shi ne ƙwan fitilar gaban mota mai wat 55 ko 60, wanda ke jan kusan 5A. A jona shi, a duba agogo, a riƙa leƙa mita har ta sauka 10.5V. Batir mai 100Ah na gaske zai kai kusan awa 20. In ya faɗi a awa 10, rabin batir kuka saya. Da an gama a mayar da shi caji nan take, kada ya kwana a haka.

Yanzu ga inda ya kamata a daɗe, wato abin da ke kashe batir a Legas. Abu biyu ne: zafi, da zama ba a cike ba.

Masu ƙera batirin dalma suna auna shekarunsa ne a zafin digiri 25. Duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana rage rayuwarsa da rabi. Garin nan da rana yana 30 zuwa 33, bas ɗin da aka rufe aka bari a rana kuwa cikinsa ya wuce haka nesa. A Hiace inji yana ƙarƙashin kujerun gaba ne, don haka ba mu sa batir kusa da wannan tudun ba, ba mu kuma sa shi a saman inda salansa ta bi ba. Yana baya, a ƙasa, gefen da ba shi da taga, cikin akwatin katako mai huji sama da ƙasa. Zafi yana taɓa caji ma. In caja tana kai AGM 14.4V a digiri 25, a digiri 35 ya kamata ta tsaya wajen 14.1V zuwa 14.2V, in ba haka ba batir zai riƙa bushewa daga ciki, shi kuma AGM ba a ƙara masa ruwa. Cajar da ke da 'yar wayar auna zafi, a manna ta a jikin batir, kada a bar ta tana reto a iska.

Na biyun ya fi ɓoyuwa. Duk lokacin da batirin dalma ya sauka, wani farin gishiri yana taruwa a farantansa. In an cika shi da wuri gishirin ya narke ya koma ruwan batir. In an bar shi kwanaki a rabi, gishirin ya daskare, wurin ya mutu ke nan. To cika batirin dalma ba ya sauri. Daga rabi zuwa kashi 80 yana karɓar duk abin da aka ba shi, daga nan sai ya riƙa karɓa kaɗan-kaɗan na awa 3 zuwa 4, kamar buhun gero da sai an girgiza kafin mudun ƙarshe ya shiga. Wanda ya tashi daga Agege ya je Mile 12 ya dawo yana ganin ya yi caji, bai yi ba. Ko tafiyar Ibadan ba ta cika batirin da ya kwana yana aiki. Shi ya sa muka ajiye doka: aƙalla sau ɗaya a mako a jona cajar gida mai matakai uku, ta kai shi 14.2V, ta riƙe har wutar da yake ja ta sauka ƙasa da 2A zuwa 4A a kan 200Ah, sannan ta koma 13.5V. In ba wuta sai janareta, a jona cajar a soket ɗin 220V. Wancan ƙaramin ramin 12V da ke jikin ƙananan janareto ba shi da abin da ke tsayar da shi, zai yi ta turawa har batir ya kumbura.

Ga alƙaluman da muka manna a murfin akwati, na batirin da ya huta: 12.7V cike yake, 12.4V saura kusan kashi 75 a cikinsa, 12.2V rabi ne kuma nan ake tsayawa, 12.0V an wuce gona da iri. Firij da yawa suna da wurin saita inda za su kashe kansu, a sa shi a mataki na sama.

Batun caji daga inji, akwai hanya biyu. Mai sauƙin kuɗi ita ce rile mai haɗa batiran biyu in inji ya tashi wuta ta haura kusan 13.3V, ya raba su in ta sauka wajen 12.8V. Yana aiki a tsofaffin motoci da batirin dalma. Mun tsallake shi muka sa ta biyun, cajar DC-DC mai 30A, wadda ke karɓar wuta daga inji ta daidaita ta kafin ta ba batirin baya, saboda gosulo. Altaneta tana sanyaya kanta ne da fankar da ke juyawa tare da ita. A kan gadar Third Mainland ko hanyar Ikorodu da yamma, inji yana silo, fankar tana juyawa a hankali, ga fitilu, ga AC, ga kuma batir mai yunwa yana ja ba iyaka. Nan ake ƙona altaneta. Da litiyom abin ya fi muni, don shi ba ya ƙin wuta, duk abin da ya samu zai ja. DC-DC tana tsayar da abin a 30A, tana kuma ɗaga wutar zuwa daidai abin da batir ke so ko da ta ragu a hanya. Wadda muka sa tana da saitin litiyom, ranar da aka canza batir ba sai an sake wayarin ba.

Waya kuwa, a nan mutane suka fi yin asara ba su sani ba. Daga batirin inji zuwa baya kusan mita 6 ne, zuwa da dawowa 12. Waya mai 6mm² a kan 30A tana zubar da sama da 1V a hanya, ta kuma yi ɗumi. Mai 16mm² tana zubar da kusan 0.4V, ita muka ja. A Ladipo ko Alaba, kafin a biya a fere bakin wayar a kankare silin ɗaya da wuƙa. In ja ne har ciki, jan ƙarfe ne. In fari ya bayyana, alminiyom ne aka shafa wa launi: ba ya ɗaukar wuta kamar na gaske, yana karyewa a wurin matsi, kuma iskar gishirin Legas tana cinye shi. A hannu ma ya fi sauƙin nauyi. Araha ba ta ado.

Fis biyu ne a wannan layin, 50A kowanne, ɗaya kusa da batirin inji ɗaya kusa da na baya, kowanne bai wuce taƙi ɗaya daga kan batir ba. Dalili shi ne duka ɓangarorin biyu suna da wuta, in wayar ta goge a jikin bodi ta kowane gefe za ta iya kamawa. Duk inda ta ratsa ƙarfe an sa mata roba. Bakunan an matse su da abin matsi, ba a buga da guduma ba, aka rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi.

Haɗa batir biyu gefe da gefe yana da ƙa'ida. Su zama iri ɗaya, girma ɗaya, shekara ɗaya, wayoyin da ke tsakaninsu tsawo ɗaya. Sannan a ɗauki jar waya daga na farko, baƙar daga na biyu. In aka ɗauki duka daga guda, shi zai riƙa shan wahala ya riga ɗan'uwansa mutuwa, ya kuma ja shi.

Kula ta yau da kullum ba ta da yawa. Danshin garin nan yana sa kan batir ya yi farin gari ko kore. A cire baƙar waya tukuna, a wanke da cokali ɗaya na bekin soda a kofin ruwa, a goge da burushi, a busar, a ɗaure, sannan a shafa basilin a sama. Mai batirin ruwa ya duba shi duk wata, ya ƙara ruwan batir da aka tace kawai, bayan caji, sai dai in faranti ya fito fili, a nan a rufe shi da ruwa kafin a jona. Ban da fiya wata, ban da ruwan burtsatse, ban da ƙara asid. In mota za ta yi makonni a ajiye, a cika batir a kashe babban makunni. A sa mita tsakanin baƙar waya da kan batir a ga abin da ke zuƙa a ɓoye: 0.5A kawai yana cin 12Ah a kwana, cikin kwana 8 ya kai 200Ah rabi.

Aiki na gaba sola ce. Rufin zai ɗauki faranti mai wat 200. A Legas a lissafa awa 4 na rana mai ƙarfi, a cire asara, ana samun kusan 45Ah zuwa 50Ah, wato ta riƙe firij amma ba ta riƙe komai da komai ba. A Yuli da Agusta hadari zai rage wannan sosai, a Arewa kuma rana ta fi amma ƙurar hunturu tana bukatar a riƙa goge farantin. Kwantirola MPPT mai 20A, wato abin da ke daidaita caji tsakanin faranti da batir, za mu sa, kuma a tuna batir ake fara jona mata kafin faranti, in za a cire kuma faranti ne farko. Inbatar mai wat 1000 tana iya jan kusan 100A, don haka za ta zauna dab da batir da waya 35mm² da fis 125A, da makunninta daban, tunda ko ba a jona mata komai ba tana cin wuta. Wanda zai zo ranar ɗaura farantin ya taho da mitarsa da sifana lamba 10 da 13.