Godiya Ga Waɗanda Suka Tsaya Mana Har Muka Buɗe

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, muka buɗe gidan abincinmu na huoguo a unguwar Xiaobei, nan Guangzhou ta ƙasar Sin. Ga wanda bai taɓa ci ba, tukunyar romo ce ake girkawa a tsakiyar tebur tana tafasa, kowa na tsoma siririn yankan naman rago da ganye yana tsamowa. Ranar da na fara cin sa, gida na tuna, lokacin da muke zagaye kwano ɗaya.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga abokin haɗin gwiwata ce, ɗan ƙabilar Hui, Musulmin ƙasar Sin, daga yankin Ningxia. Mun yi ta jayayya a kan fuskar shagon. Ni ja nake so ko'ina, da jajayen fitilu a rataye irin na shagunan Chongqing, birnin da ya yi suna da huoguo. Ya ce mini Musulmin da ke tafe a titi koren allo yake nema da kalmar qingzhen, wato halal, kafin ya yarda ya shiga. Na bi shawararsa. Muka yi bango da bulo mai ruwan toka, allon suna kore, sai faffaɗan gilashi har kusan ƙasa domin mai wucewa ya hango tururi na tashi daga tebura.

Sai dattijon da ya haɗa mana bututun hayaƙi. Baba, ban san da wane baki zan gode maka ba. Don kada silin ya sauko ya ɓata kyan ɗakin, na matsa aka yi bututun siriri, alhali ka ja mini kunne. Daren gwaji muka kunna tebura 12 gaba ɗaya. Kafin minti 20 idanu sun fara yaji, gilashin nan da nake alfahari da shi ya rufe ruf, ruwa na ɗiga daga sama. Na zauna a kan kujera jikina ya yi sanyi. Ba ka ce mini uffan ba, ka ɗauko tsani ka hau. Kwana shida kana wannan aiki: ka faɗaɗa bututun, ka sauko da bakinsa daidai kan kowace tukunya, ka buɗe wata kafa da iska mai kyau za ta riƙa shigowa, domin ka ce wadda aka zuƙe dole a mayar da madadinta. Yanzu mutum zai shigo da farar shaddarsa ya fita ba ta kama warin man barkono ba.

Na gode wa ɗan'uwan da ya bar harkokinsa ya raka ni Foshan zaɓen tayil. A gabana ya zuba ruwa da mai a kan kowane samfur ya taka da takalminsa, har muka samu mara santsi. Wanda ya kai ni Guzhen sayen fitilu, shi ma Allah ya biya shi. Masu hasken rawaya muka ɗauko, kuma a ƙarƙashinsu nama na fitowa da launinsa.

Uwargida ce ta dage sai an ware lungu mai shamaki na katako saboda iyalai, da wurin alwala da ɗan ɗakin salla. Ita ce kuma ta ce a sayo tukunya mai gida biyu, ɗaya mai yaji ɗaya salam, don barkonon Sichuan kashe harshe yake yi ko ga wanda ya saba da yajin tsire.

'Yan kasuwarmu da suka ranta mini ba tare da takarda ba, da Hajiyata da kullum take kirana daga Kano bayan Asuba tana sa mini albarka, Allah ya saka muku da mafificin alheri. Baba kuwa, teburin da ke jikin taga naka ne duk ranar da ka zo.