Wata bakwai da goɗiyarmu: ga inda aka kwana

'Yan uwa masu koyon wannan harka ta sukuwar dawaki, sannunku da haƙuri. Wata bakwai ke nan da na sayi kaso ɗaya cikin arba'in na wata goɗiya 'yar shekara uku a Newmarket, garin dawakin Ingila. Uwargida ta ce rabona bai wuce gashin wutsiya ba, ni kuma ban yi musu ba.

Ran da na biya kuɗi, zatona duk dokin da sunan uwarsa da ubansa ke cikin littafin asali, wanda gidan Weatherbys ke riƙe da shi tun 1791, yana iya shiga kowace sukuwa. Ashe abin hawa-hawa ne. A ƙololuwa akwai Group 1, sai 2, sai 3, tsarin da aka shigo da shi a 1971, ƙarƙashinsu kuma Listed. Su ne manyan sukuwar da ake kira stakes, sunan da ya samo asali daga kuɗin shiga da masu dawaki ke zubawa a haɗa cikin kyauta. Dokin da ya zo na ɗaya zuwa na uku a cikinsu, da baƙin rubutu mai kauri ake buga sunansa a kundin gwanjo. Ga goɗiya wannan rubutun ya fi kofi daraja, don shi zai ɗaga farashin duk dukushin da za ta haifa. A gwanjon Tattersalls har yau da gini ake ciniki, gini ɗaya fam ɗaya da fensi biyar.

Manyan sukuwa biyar na 'yan shekara uku duk na bi su bana, amma a matsayin ɗan kallo. Biyu masu suna 2000 Guineas da 1000 Guineas a Newmarket farkon Mayu, mita 1,600. Oaks da Derby a Epsom farkon Yuni, wajen mita 2,400. Sai St Leger a Doncaster cikin Satumba, wadda ta girme su duka, tun 1776 ake yin ta. Biyu daga ciki, 1000 Guineas da Oaks, na goɗiyoyi ne zalla. Ni da na taso ina ganin ingarma kawai a hawan salla, goɗiya tana gida tana haihuwa, sai da na daɗe kafin idona ya saba da ganin taro ya miƙe tsaye saboda goɗiya.

Tamu ba ta kusanci ko ɗaya ba. Ta yi sukuwa uku, hukumar sukuwa ta auna ta, ta ba ta maki 68. Daga nan sai sukuwar daidaita nauyi, inda wanda ya fi maki ke ɗaukar kaya mafi nauyi. Da idona na ga ana zura faifan dalma a aljihun shimfiɗar da ke ƙarƙashin sirdi, bayan mahayi ya hau sikeli da sirdinsa a hannu. Mai horarwa ya tuna mini cewa ƙarshen Afrilu aka haife ta, alhali a nan kowane doki ranar 1 ga Janairu ake ƙara masa shekara, don haka takwarorinta na Fabrairu sun riga ta cika da wata biyu da wani abu.

Darasin da ya fi zama mini, a barga na same shi, da sassafe cikin Yuli. An dawo da ita daga motsa jiki tana huci, tururi na tashi daga gadon bayanta. Mai horarwa bai ce da kowa komai ba, ya durƙusa ya bi ƙafarta ta gaba da tafin hannu daga gwiwa zuwa kofato, ya koma ɗayar, ya sake dawowa ta farko. Ya ce in taɓa. Na taɓa, ban ji komai ba. Ya ce akwai ɗan ɗumi, kuma ƙasa ta bushe ta yi tauri, ba za ta yi sukuwar Asabar ba. Ga shi na riga na yanki tikitin jirgin ƙasa, na kuma cika wa abokai baki. Raina ya ɓaci, har na yi ta gunaguni a hanya. Sati uku tana tafiyar ƙasa kawai, kuɗin horo da na likita da na mai kofato kuwa ba su tsaya ba. Wanda ke shirin shiga, ya lissafa wannan kafin ya lissafa kyauta. Tagar masu caca dai ba na zuwa, wannan tsakanina da Ubangijina ne.

Da ruwa ya sauka ƙasa ta yi laushi, aka ƙara mata nisa zuwa mita 2,000, ta zo ta uku cikin goma sha ɗaya. Rabona daga kyautar bai biya tikitin da na yi asara ba, amma muryata sai da ta dushe.

Yanzu an raba mana takardar ƙuri'a: a kai ta gwanjon kaka, ko a riƙe ta ta shiga shekara huɗu. Na zaɓi a riƙe. Saura mutum talatin da tara.