Faifan Ramones na farko da abin da ya yi wa wuyan hannuna

Duk wanda ya sake ce mini kiɗan Ramones, ƙungiyar makaɗan rock ta Amurka, kiɗan yara ne, jita kawai zan miƙa masa. Mu huɗu muka ɗauki alkawarin buga faifansu na farko, na 1976, daga farko har ƙarshe a wani ƙaramin zaure. Waƙa 14 ce, minti 29. Hannun hagu, mai danna tsirkiyar jita, bai sha wahala ba, nan da nan ya haddace komai.

Hannun dama ne ya ji jiki. Johnny Ramone, mai jitar ƙungiyar, ƙasa kawai yake dukan tsirkiya, ba ya haɗawa da bugun sama, kuma da gudu. Kafin mu kai tsakiyar faifan a gwaji, wuyan hannuna ya sandare, yatsuna sun daina jin abin da suka riƙe. Abokan kiɗana suka ce in riƙa yin sama da ƙasa, wai ba wanda zai gane. Na gwada. Wallahi sai kiɗan ya yi laushi, ƙarfin nan mai turo mutum gaba ya ɓace. Dole muka ɗage ranar wasa, kuɗin da muka ajiye na zauren ya tafi, har yau abin yana ci mini rai.

Faifan da kansa ya cece ni. An raba sautinsa, jita a lasifika ɗaya, bas, wato jita mai kaurin sauti, a ɗayar. Na kashe ɓangare guda na zauna da jitar ita kaɗai, na rage gudu, na koyi sakin kafaɗa da barin wuyan hannu ya yi aikin.

Dala 6,400 aka kashe wajen naɗar faifan a New York. Lamba 111 ya tsaya a jadawalin Billboard na faya-fayan da suka fi ciniki, sai a 2014 cinikinsa ya kai kwafi 500,000 a Amurka. Amma wasan Ramones a zauren Roundhouse na Landan, ran 4 ga Yuli 1976, ya ƙara wa matasan makaɗan Ingila ƙaimi. An ce faifan ya nuna kowa zai iya kafa ƙungiyar kiɗa. Gaskiya ne, sai dai masu faɗar haka ba sa maganar hannun dama.

Daren wasan na kai waƙa ta 14 ban yi bugun sama ko ɗaya ba. In za ka gwada, ka fara horar da hannunka tun kafin ka biya kuɗin zaure.