Laraba: yinin da na yi da Annabi Amos

Nazarin Littafi Mai Tsarki na yau a coci ni aka ba. Ƙananan annabawan nan 12 muke bi a jere, mun wuce Yusha'u da Yowel, yanzu mun iso Amos. Da asuba, kafin in tafi makaranta, na zauna na karance shi kaf, tunda sura 9 ce kawai.

Mutumin nan makiyayi ne daga Tekowa, kudu da Baitalami, yana kuma aikin itatuwan ɓaure. Ɗan ƙasar Yahuza ne, amma arewa Allah ya aike shi, mulkin Isra'ila, a zamanin Sarki Yerobowam ɗan Yowash, wajen shekara 760 kafin haihuwar Almasihu. Lokacin ƙasa tana cikin wadata, iyakarta ta faɗaɗa, manya suna kwana a gadajen hauren giwa, masu gidan rani daban na hunturu daban. A cikin wannan daula ce ya buɗe baki.

Yadda ya soma wa'azin ya fi komai kama ni. Da maƙwabta ya fara: Dimashƙu, Gaza, Taya, Edom, Ammon, Mowab, kowa da laifinsa, har ya zo kan Yahuza. Ina ji a raina mutanen arewa suna ta gyaɗa kai, suna cewa a ƙara musu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Sai ya juyo kansu, kuma nasu ya fi na kowa tsawo: suna sayar da mai gaskiya saboda azurfa, matalauci kuwa a bakin takalmi. Suna shimfiɗa rigar da talaka ya ba da jingina su kwanta a kai a gefen bagade, alhali Dokar Musa ta ce a mayar masa da ita kafin rana ta faɗi, don da ita yake rufa.

Da aka tashi daga makaranta na biya kasuwa sayen masara. A gabana wata mata da goyo ta kwance bakin zanenta, ta ƙirga kuɗin sau biyu, ta ce a auna mata mudu ɗaya. Na dubi mudun da kyau. An bubbuge gindinsa ya shige ciki, mai awon kuma ya shafe kan da tafin hannu tun bai yi tozo ba. Da ta ɗaga ledar, dusa da tsakuwa ne kwance a ƙasa. Na ce masa, "Haba ɗan'uwa, cika mata mana." Ya ƙara ɗan kaɗan yana gunaguni. Sura 8 ke nan a idona: a rage mudu, a ƙara farashi, a murɗe ma'auni, a sayar har da sharar alkama. Kuma mutanen da Amos yake faɗa wa masu ibada ne. Ba sa buɗe rumfa ran Asabar, sai dai suna zaune a wurin sujada hankalinsu yana kan yaushe ranar za ta wuce su koma awo.

Da yamma mutane sun zo ba laifi, mata sun fi yawa. Na karanta sura 5, inda Allah ya ce ya ƙi bukukuwansu, ba zai karɓi hadayunsu ba, su ɗauke masa hayaniyar waƙoƙinsu, abin da yake so shi ne gaskiya ta malala kamar ruwa, adalci kuma kamar rafin da ba ya ƙafewa. 'Yan mawaƙa suka dubi juna. Ni a ganina ba waƙar ce Allah ya ƙi ba. Hannun da ya tauye mudu jiya, shi ne ya ɗaga yau yana yabo, wannan ne ba ya karɓuwa.

Wani dattijo ya ce, "Malam, wannan ai siyasa ce, a bar ta a waje." Baba Fasto ya ce a buɗe sura 7. Haka Amaziya firist na Betel ya ce wa Amos, ya koma Yahuza ya nemi abincinsa can, nan wurin sujadar sarki ne. Amos ya amsa cewa shi ba annabi ba ne, ba kuma ɗan annabi ba, daga bin garke Ubangiji ya ɗauko shi. Ba a yi shekara 50 ba Assuriyawa suka ci Samariya, babban birnin mulkin Isra'ila, wajen shekara ta 722, suka kwashe mutane.

Na so in rufe da sura 9, alkawarin sake ta da bukkar Dawuda da ta rushe, ayar da Yakubu ɗan'uwan Yesu ya kawo a taron Urushalima cikin Ayyukan Manzanni 15 don ya nuna al'umman da ba Yahudawa ba ma suna da rabo cikin Almasihu. Ban gama ba wata tsohuwa ta ɗaga hannu. Ta ce, "Ɗana, mai awo kaɗai ka gani? Wanda ya ba gwauruwa bashin taki da damina, da kaka ya zo ya ɗauki buhu biyu a bakin ɗaya, ya ɓoye sai bazara ya sayar mata da shi, shi fa? A kan bencin nan muke zama da su."

Ba wanda ya ce uffan. Gaskiya ta faɗa, kuma duk mun san gidajen da take nufi, na masu bin bashin da na waɗanda ake bi. Baba Fasto ya ce, "Mama, kin yi daidai, maganar nan ba za ta tsaya a nan ba." Ya ce dattawa da shugabannin zumuntar mata su zauna ran Lahadi bayan sujada, ni kuma in zaga in rubuto matan da bashin taki yake kansu. Gobe in an tashi daga makaranta zan fara da unguwar bayan rafi.